Yadda Za a Tsara Aikin Likitocin Tiyata Domin Ceton Yaron da Ya Ji Mummunan Rauni

Shekaru da dama da suka wuce, a wani asibitin gwamnati da na yi aiki, an kawo mana yaro ɗan shekara takwas bayan sallar isha'i, wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro tun da la'asar. Da ƙafarsa ya shigo, yana dafe da haƙarƙarinsa na hagu, babu ko ɗigon jini a jikinsa. Ma'aikacin da ke bakin aiki ya auna matsin jininsa ya ga daidai yake, ya ba shi maganin ciwon jiki, ya ce a kwantar da shi zuwa safe likita ya gan shi. Ba a kula ba cewa tafin ƙafarsa ya yi sanyi ƙalau, leɓɓansa sun yi fari fat, kuma bai fasa roƙon mahaifiyarsa ruwan sha ba. Wajen ƙarfe uku na dare ya daina magana. Likita ɗaya tilo da ke iya buɗe ciki a garin ya kwana uku a jere yana aiki, gidansa yana can bayan gari, wayarsa kuma ta mutu saboda rashin wuta. Kafin mai gadi ya hau babur ya taso shi, a nemo mai sa barci, a tayar da janareta, a sami wanda zai ba da jini, har an kira assalatu, saifar da ta fashe kuwa ta riga ta zubar da abin da jikin yaron ba zai iya ɗauka ba. Allah ya sa mai ceto ne ga iyayensa.

Asibitin nan yana da likitan tiyata a takarda, yana da ɗakin tiyata, yana da kayan aiki. Abin da ya rasa shi ne tsarin da zai kawo hannun likitan kan cikin yaron a lokacin da zuwansa zai yi amfani. Wannan bayani na shugabannin asibitoci ne, da shugabannin sassan gaggawa, da manyan ma'aikatan jinya, da duk wanda ke da ta cewa a kan jadawalin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma a Najeriya sama da kashi 40 cikin 100 na jama'a ba su kai shekara 15 ba, a Nijar ma kusan rabi ne. Saboda haka duk asibitin da ke bakin titi, ko yana so ko ba ya so, asibitin yara masu rauni ne.

A fara da ƙidayar mintuna

Mataki na farko ba ya cin kuɗi. A ajiye littafi a sashen gaggawa, a rataya agogo mai aiki a bango, a riƙa rubuta lokuta huɗu a kan kowane yaro da aka kawo da rauni mai tsanani: lokacin da ya shigo ƙofa, lokacin da aka kira likitan tiyata, lokacin da likitan ya tsaya a kansa, da lokacin da aka fara aiki ko aka sa shi a mota zuwa wani asibiti. Bayan wata uku a zauna a duba. Yawanci shugabanni kan yi mamakin abin da suka gani, domin da rana komai yana tafiya daidai, ramin yana tsakanin ƙarfe goma na dare da asuba, da ranakun Asabar da Lahadi, da kwanakin bukukuwan Sallah, wato daidai lokacin da matasa ke gudun wuce sa'a da babura, yara kuma sun cika tituna.

Akwai ma'aunin da za a iya dogara da shi. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka, wadda ke tantance cibiyoyin kula da masu rauni a ƙasar, ta shar'anta cewa a cibiyoyi masu daraja ta ɗaya da ta biyu dole babban likitan tiyata ya kasance a kan majinyaci cikin minti 15 da isowarsa idan an yi kiran gaggawa mafi girma, a masu daraja ta uku kuma cikin minti 30, kuma dole a cika wannan sharaɗi aƙalla sau 80 cikin 100. Horon ceton masu rauni da ake bayarwa a yau ma daga haɗarin da ya rutsa da yara ya samo tushe. A shekarar 1976 wani likitan ƙashi mai suna James Styner ya yi haɗari da ƙaramin jirgin da yake tuƙawa a jihar Nebraska, matarsa ta rasu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji munanan raunuka, kuma da ya kai su ƙaramin asibitin da ke kusa sai ya tarar da shi a rufe, waɗanda aka taso kuma ba su da horon da ya dace da irin wannan hali. Daga wannan takaici ne aka fara kwas ɗin ceton masu rauni a 1978, wanda yanzu ake koyarwa a ƙasashe masu yawa.

A ganina, babban asibitin jiha ko na koyarwa ba shi da uzurin kasa cika minti 15, asibitin ƙaramar hukuma kuma ya ɗauki minti 30 a matsayin iyaka. A rubuta adadin a manna a bango, domin abin da ba a ƙayyade ba, ba za a iya tuhumar kowa a kansa ba.

Jadawalin da zai ɗore

Mako ɗaya awa 168 ne, kuma babu ɗan Adam da zai iya zama cikin shiri tsawon wannan lokaci mako bayan mako. Asibitin da ke da likitan tiyata ɗaya ya sani cewa akwai darare da yawa da babu kowa, ko da sunansa na rubuce a allo. Idan su biyu ne, kowannensu zai kwana a shirye dare ɗaya cikin biyu, kuma ranar da ɗaya ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya an koma gidan jiya. Uku ne mafi ƙarancin adadin da zai iya riƙe kiran dare ba tare da mutane sun gaji sun gudu ba, huɗu kuma ya fi kwanciyar hankali. Wanda ya kwana yana aiki a rage masa aikin gobe, kada a jera masa tiyatar da aka tsara tun da wuri, domin hannun da bai yi barci ba yakan yi kuskure, kuma likitan da aka matse shi haka shi ne wanda zai fara neman hanyar barin garin.

A kowane dare a rubuta suna biyu: wanda za a fara kira, da wanda zai maye gurbinsa idan na farko yana tsakiyar wani aiki. Wannan na biyun shi ake yawan mantawa da shi, alhali a ƙananan asibitocinmu likitan da ke jiran masu rauni shi ne kuma ke fiɗar mata masu naƙuda, kuma haɗarin mota ba ya kawo mutum ɗaya. Sannan a tuna cewa likitan tiyata shi kaɗai ba ya iya komai. Jadawalinsa dole ya tafi tare da na mai sa barci, da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin tiyata, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje mai haɗa jini, da mai kula da janareta, da direba. Idan ɗaya daga cikinsu ya ɓace, sauran biyar zaman banza suke yi. Mai sa barcin kuma a tabbatar ya saba da yara, domin sa wa ɗan shekara biyu bututun numfashi aiki ne dabam da na babban mutum, kuma na sha ganin inda likita ya iso a kan lokaci amma aka tsaya saboda mai sa barci ya ce bai taɓa yi wa ƙaramin yaro ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido, amma su ne ke cinye mintunan. A gyara ɗaki mai gado da makewayi da fanka a cikin asibiti domin masu kiran dare su kwana a nan, ko a ba su gida a harabar asibitin. A sayi waya ɗaya ta asibiti wadda ake miƙa wa duk wanda ke kan aiki, a riƙa cajinta a sashen gaggawa, a sa mata kati, don kada ma'aikaciyar jinya ta tsaya neman lambar wani ko ta kira da kuɗinta. Inda ake dokar hana fita ko hanya ba ta da tsaro da dare, kwana a cikin asibiti ya zama wajibi, domin ba adalci ba ne a ce mutum ya ratsa gari ƙarfe biyu na dare. Mabuɗin ɗakin tiyata da na ma'ajiyar jini su kwana a hannun babbar ma'aikaciyar jinya ta dare.

To, ina za a samo mutum uku a garin da ko ɗaya da ƙyar aka samu? Ƙwararrun likitocin tiyatar yara kaɗan ne ƙwarai a yankinmu, kuma akasarinsu suna asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan biyar a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci a lokacin da suke buƙata, ya kuma sa burin a sami likitocin tiyata da na sa barci da na haihuwa guda 20 ga kowane mutum dubu 100, adadin da muke nesa da shi. Jiran wannan rana ba zai ceci yaron da za a kawo daren yau ba. Mozambik tun shekarun 1980 take horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba su yi tiyatar gaggawa a karkara, Nijar kuma ta ɗauki hanyar ba likitocin gama-gari ƙarin horo domin su riƙe ɗakunan tiyata na asibitocin gundumomi. Asibitin ƙaramar hukuma zai iya bin wannan sawu: a zaɓi likitoci biyu ko uku masu sha'awa, a tura su babban asibiti na wasu watanni su ƙware a kan ayyuka ƙalilan da ke ceton rai, wato sa bututun ƙirji, buɗe ciki a tsayar da jini, wanke karaya mai buɗaɗɗen rauni, da buɗe hanyar numfashi. Sharaɗin da ba za a sassauta ba shi ne kowannensu ya kasance yana da ƙwararren da zai iya kira a waya a kowane lokaci, kuma wannan alaƙa a rubuta ta tsakanin asibitocin biyu, kada a bar ta ga zumuncin mutum da mutum, wanda yakan yanke ranar da aka yi wa ɗayansu canjin wurin aiki.

Wa zai yi kiran, kuma yaushe

A al'adar asibitocinmu kira yakan hau tsani: ma'aikaciyar jinya ta kira ƙaramin likita, shi ya duba ya nemi hoto, ya kira na gaba da shi, sai daga baya a taso babba. Kowane mataki yana cin rabin awa. Ga yaro mai rauni mai tsanani a karya wannan tsani. A rubuta alamomi a allo, a ba duk wanda ya fara ganin yaron izinin kiran dukkan tawagar kai tsaye idan ya ga ko da ɗaya daga ciki: numfashi da ƙyar ko toshewar maƙogwaro, fita daga hayyaci ko rashin amsa kira, harbi ko suka a wuya ko ƙirji ko ciki, jinin da ya ƙi tsayawa, bugun zuciya mai sauri tare da sanyin hannu da ƙafa, matsin jini ƙasa da ƙa'idar shekarunsa, ko yaron da aka turo daga wani asibiti ana ƙara masa jini. A ƙara da yadda abin ya faru, domin yaron da mota ta buge ta yi jifa da shi, ko ya faɗo daga bene ko doguwar bishiya, ko kan keke ya doke shi a ciki, ya cancanci idon likitan tiyata ko da yana tafiya da ƙafarsa.

Wannan doka ba za ta yi aiki ba sai manya sun yi alkawarin ba za su yi wa kowa faɗa ba idan aka taso su sannan aka ga abin bai kai ba. Ma'aikaciyar jinyar da aka daka wa tsawa sau ɗaya a gaban jama'a ba za ta sake kira ba sai yaro ya kai gargara. Gara a taso likita sau biyar a banza da a bar shi yana barci sau ɗaya a daren da ake buƙatarsa.

Abin da ke yaudarar ma'aikata a jikin yaro

Dalilin da ya sa nake nanata zuwan gogaggen likita da wuri shi ne jikin yaro yana ɓoye zubar jini. Jininsa kimanin mililita 80 ne a kowane kilo na nauyinsa. Ɗan shekara biyu mai kilo 12 bai cika lita ɗaya ba gaba ɗaya, wato abin da zai cika ledar ruwan sha guda ɗaya ya kai rabin jininsa. Amma jijiyoyinsa suna da ƙarfin matsewa, saboda haka yana iya rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na jininsa matsin bai sauka ba, kuma idan ya sauka, saura kaɗan zuciya ta tsaya. Wanda ya dogara da na'urar awo kaɗai zai sallami yaron da ke mutuwa. A koya wa kowa ya kama ƙafar yaron ya ji ɗuminta, ya ƙidaya bugun zuciya, ya danna farce na daƙiƙa biyar ya ga ko launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu, ya buɗe fatar ido ya duba, ya lura da ƙishirwa da rashin natsuwa ko yawan gyangyaɗi. Kuka da tsoro suna ƙara bugun zuciya, gaskiya ne, amma a ɗauka jini ne ke zuba har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ga mai shekara ɗaya zuwa goma, mafi ƙarancin adadin sama na matsin jini shi ne 70 a tara da ninki biyu na shekarunsa, wato 86 ga ɗan shekara takwas.

Kan yaro babba ne idan an gwada da jikinsa, shi ya sa raunin kai ya fi kowane rauni kashe yara, kuma idan aka kwantar da ƙarami a rigingine ƙeyarsa takan tanƙwara wuyansa ta toshe numfashi, sai an sa naɗaɗɗen zane a ƙarƙashin kafaɗunsa. Yaron da ya bugu a kai ya suma ya farfaɗo yana magana, sannan ya fara amai da barci, mai yiwuwa jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kansa, kuma wannan ba ya jiran safiya. Haƙarƙarinsa mai laushi ne, yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba, don haka hoton da bai nuna karaya ba bai wanke huhu daga rauni ba. Yakan haɗiye iska yayin kuka har cikinsa ya kumbura ya takura numfashi, sai an zura bututu an sace iskar. Yana kuma saurin yin sanyi, musamman a lokacin hunturu, kuma jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa, saboda haka a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi, a kashe fanka, a ɗumama ruwan da za a ƙara masa.

Duk maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, don haka sikeli ya zauna a sashen gaggawa. Idan ba za a iya ɗora shi ba, a tara huɗu a kan shekarunsa a ninka biyu domin a ƙiyasta nauyinsa a kilo, tare da sanin cewa yaranmu da yawa ba su kai wannan nauyi ba. Ƙa'idar da aka saba ga yaron da ya zubar da jini ita ce ƙarin ruwa mililita 20 a kowane kilo, idan bai farfaɗo ba a koma ga jini mililita 10 a kowane kilo maimakon a yi ta ɗura ruwa. Idan an gwada jijiya sau biyu ba a samu ba, a sa allura a ƙashin ƙwauri, kada a ɓata rabin awa ana huda hannun yaro. Allurar tiraneksamik mai rage zubar jini tana amfani ne idan an yi ta cikin awa uku na farko. Karaya mai buɗaɗɗen rauni kuma tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awar farko da rigakafin sarƙewar haƙora.

A haɗa kayan yara a akwati ɗaya mai alama: ƙananan abin rufe hanci na oksijin, jakar hura numfashi, bututun maƙogwaro da na ƙirji masu girma dabam-dabam, ƙananan allurai, da maɗaurin awon jini na hannun yaro. A naɗa likita ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya su zama masu alhakin wannan akwati da horar da sababbin ma'aikata. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2023 ya gano cewa yaran da suka ji rauni aka kai su sassan gaggawa da suka fi shiri domin yara, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100 idan an gwada da waɗanda aka kai wuraren da suka fi ƙarancin shiri, kuma mafi yawan abin da ake nufi da shirin nan shi ne irin waɗannan abubuwa.

Hukuncin a buɗe ko a jira

Wani zai ɗauka amfanin likitan tiyata shi ne yanka. A raunin yara, babban amfaninsa sau da yawa shi ne sanin lokacin da bai kamata a yanka ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 likitocin asibitin yara na Toronto a Kanada suka nuna cewa saifar yaro da ta tsage takan daina zubar jini ta warke da kanta idan an kwantar da shi ana lura da shi, kuma a yau a cibiyoyin yara sama da kashi 90 cikin 100 na raunin saifa da hanta ba a yi musu tiyata. An kuma lura cewa yaran da aka kai asibitocin manya sun fi fuskantar a cire musu saifa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin saifa ce ke tace jini daga wasu ƙwayoyin cuta masu kisa cikin sa'o'i, kuma yaron da aka cire wa ita a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu zai rayu cikin haɗari har girmansa. A ɗaya ɓangaren kuma, yawan zazzaɓin yana kumbura saifar yaranmu, ta yadda ɗan bugu kaɗan kan fasa ta.

Sai dai jiran nan aiki ne mai nauyi, kuma a nan ne maganar yawan ma'aikata take komawa. Ba a yarda a jira ba sai akwai mai auna yaron kowace awa, akwai jinin da aka riga aka haɗa yana ajiye, akwai likitan da zai dawo ya taɓa cikin da hannunsa sau da yawa a dare, kuma ɗakin tiyata zai iya buɗewa cikin rabin awa idan abin ya juya. Asibitin da ba shi da waɗannan kada ya kwaikwayi Toronto da rabin tsari. Ko dai ya tura yaron tun yana da ƙarfi, ko ya buɗe shi idan jinin ya ƙi tsayawa bayan an ƙara masa. Idan kuma dole ta sa aka cire saifar, a rubuta wa iyaye takarda, a yi masa allurar rigakafin da ta dace, a gaya musu a fili cewa duk zazzaɓin da ya kama shi daga yau na gaggawa ne.

Kuɗi, jini da izini

Ba a gama tsari ba idan likita ya iso cikin minti 15 amma uban yaro yana layin yankan kati ko ya fita neman rance. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Domin doka ta zama aiki, a tanadi ƙunshin kayan tiyatar gaggawa guda biyar ko goma a kabad, a yi amfani da su nan take, a yi lissafi daga baya, a kuma nemi kwamitin zakka na gari da masu hali su riƙa cike gurbin waɗanda suka kasa biya. A ma'ajiyar jini a ware aƙalla leda biyu na rukunin O da ba za a taɓa ba sai don irin wannan dare, kuma a riƙe jerin lambobin masu ba da jini na sa-kai daga ƙungiyoyin agaji da ɗalibai. Game da izini, sau da yawa uwa ce ke kawo yaro uban yana kasuwa ko ya yi tafiya, ita kuma tana tsoron sa hannu. A yi mata bayani da harshen da take ji, a kira uban ko baffan yaron a waya, amma asibiti ya rubuta ƙa'ida cewa idan rai na cikin haɗari likitoci biyu za su sa hannu a ci gaba da aiki.

Idan abin ya fi ƙarfin asibitin

Kowane asibiti ya rubuta abin da zai iya da abin da ba zai iya ba tun kafin buƙata ta taso, ya kuma san inda zai tura raunin kai, da ƙuna mai faɗi, da karaya mai wuya irin wadda ake kai wa Asibitin Ƙashi na Dala. Da zarar an gane yaro ya fi ƙarfin wurin, a fara shirin tafiya, kada a tsaya ɗaukar hotunan da ba za su canja komai ba. Amma kafin mota ta tashi a tabbatar da hanyar numfashi, a sa bututun ƙirji idan ana buƙata, a tsayar da jinin da ke fita, a ɗaure karaya, a sami jijiya biyu. Likita ya kira likita baki da baki, ya faɗi shekaru da nauyi da abin da ya faru da abin da aka yi, ma'aikacin jinya kuma ya shiga motar da oksijin da zai kai su. Miƙa wa iyaye takarda a ce su nemi motar haya ba turawa ba ce.

A ƙarshen kowane wata a koma ga littafin mintunan. A zauna da likitoci da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje, a ɗauki kowane yaro da ya rasu ko ya sha da ƙyar, a bi sawunsa daga ƙofa, a tambaya a ina lokaci ya tafi, ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Asibitin Khon Kaen na ƙasar Tailan ya yi haka, ya gano cewa da yawa daga cikin masu raunin da ke mutuwa ana iya ceton su, sai ya ajiye gogaggun likitocin tiyata a sashen gaggawa a lokutan da aka fi kawo masu haɗari, ya inganta sadarwa a cikin asibitin, ya ƙara wa ƙananan likitoci horo, kuma mace-macen masu raunin da aka kwantar suka sauka daga kashi 6.1 zuwa 4.4 cikin 100. A kowane zama a fitar da gyara ɗaya ko biyu kawai, a rubuta sunan wanda zai yi da ranar da zai gama, kuma zama na gaba ya fara da karanta wannan shafi.